Gicciyen Mama Taresa a Kabad ɗin Metron

Shekara goma sha biyar ke nan ina ɗibar jinin mutane. Na manta fuskoki da yawa, na manta sunaye, amma ban taɓa iya mantawa da Larabar da na hau acaɓa cikin taɓo na je har Dingaya neman ɗan makulli guda ɗaya ba. Ku da kuka zo koyon aiki bana kun ji gutsi-gutsin labarin a bakin nas-nas, kowa da irin gishirin da ta zuba. Gara ku ji daga bakin mai laifin.

A lokacin ina shekara ta huɗu da fara aiki, a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwaram, mai ɗakin kwanciya biyu, na maza da na mata. Mu biyu ne a ɗakin awo, wato lab. Akwai shugabanmu Malam Idi, dattijo marar hayaniya, shi ke zama gaban na'ura yana duba abin da aka ɗebo. Sai ni, Hauwa, ƙaramar ma'aikaciya mai yawo da tire. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake tafiya. Likita zai rubuta awon da yake so a 'yar takarda. Ni kuma in je gadon mara lafiya, in tambayi sunansa in gwada da na takardar, in ɗaure masa dantse da roba don jijiya ta taso, in goge wurin da auduga mai sifirit, in bari ya bushe, sannan in soka allura. Daga an goge, ba a yarda komai ya sake taɓa wurin ba, ko da yatsana ne. Ƙa'ida ce mai kyau, kuma da ita na fake na yi abin da na yi.

Sai kuma in faɗi aibina da bakina. Allah ya jarrabe ni da son kallo. Duk ranar da na je Birnin Kudu gaida gwaggota, sai na tsaya shagon masu tura finafinai a bakin tasha an cika mini waya da fassararrun finafinan Turawa, kuma na masu shan jini na fi so. Kun san su. Gawa ce za ta tashi da dogayen fiƙoƙi, ba ta son rana, ba ta son tafarnuwa, harsashi ba ya yi mata komai. Sai an kusa gamawa wani Fada, wato limamin coci, ya fito da baƙar riga da ɗan farin abu a wuya, ya ɗaga gicciye, dodon ya ja da baya yana kare fuska. A watsa masa ruwan coci, fatarsa ta kama hayaƙi. Wani lokaci a jera wani ɗan farin abu mai kama da biskit a bakin ƙofa, ya zo ya kasa tsallakewa. Da ni da nas biyu, in an tashi hutun rana, kai uku a kan waya ɗaya, muna ihu muna dukan cinya. Ban taɓa leƙa coci ba. Ban taɓa zama da ɗan Katolika mun yi hirar minti goma ba. Duk abin da na sani game da kayan ibadarsu daga wayar nan na samo shi, kuma a ganina na ƙoshi da ilimi.

Wata Alhamis a tsakiyar damina aka kwantar da Mama Taresa a gado na uku daga ƙofa. Siririyar tsohuwa ce, asalinta Kudancin Kaduna. Mijinta Bulus makaniken injin niƙa ne, ya zo da ita Gwaram tun suna da ƙuruciya, ya rasu, ita kuma ta ƙi komawa. Kowa a kasuwa ya san ta da sabulun da take haɗawa, Hausarta kuwa ta fi tawa daɗi. Ɗanta ɗaya, yana can Legas. Mai jinyarta maƙwabciyarta ce, Inna Gambo, gajeriyar tsohuwa mai zafin baki, katanga ɗaya ta raba su sama da shekara talatin. Wani ƙari ne a cikin Mama Taresa yake zubar mata da jini a hankali, don haka likita ya ce kullum da safe a auna yawan jininta.

Jijiyar tsofaffi irin nata sai an yi da gaske. Siririya ce, ka gan ta, ka nufe ta, ta zille ƙarƙashin fata. Ranar farko sau uku ina soka allura ina kuskurewa. Gumi ya karyo mini, matan ɗakin duk sun bar abin da suke yi sun zuba ido. A na huɗu na samu, a bayan hannu. Tsohuwar ce ma ta yi mini sannu. Na fita ina jin haushin kaina, da nata ma, ban san dalili ba.

Washegari Juma'a, ina ajiye tire sai ta zura hannu ƙarƙashin matashi ta zaro gicciye na katako, tsawonsa kamar tafin hannu, da ɗan mutum-mutumin ƙarfe a jiki. Ta ɗaga shi saitin fuskata, bakinta na motsi. Na tsaya cak. Wallahi abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne Fadan nan mai baƙar riga. Na daure na ɗaure mata hannu, na goge. Sai ta ɗauko wata 'yar kwalbar roba mai shuɗin murfi, ta tsiyaya ruwa a yatsunta, ta yarfa a daidai wurin da na goge. Ɗigo biyu suka sauka a wuyan hannuna, inda safa ba ta rufe ba. Ruwan da sanyi, ban kuma zata ba, sai na fizge hannu na ce, "Kai!" har audugar ta faɗi ƙasa.

Shi ke nan, na gama yi wa kaina. Wata matashiya da ke jinyar uwar mijinta a gado na huɗu, wadda na san ita ma 'yar kallo ce, ta dafe ƙirji. Ta yi kamar raɗa, amma irin raɗan da ake ji har bakin ƙofa.

"Kun gani? Ya ƙone ta."

Kafin azahar maganar ta kai wajen masu shayi a bakin get. Abokan kallona suka mai da abin wasa. Ɗaya ta tare ni a baranda ta ce, "Hauwa, buɗe baki mu ga haƙoran." Ɗayar ta ajiye mini ƙullin tafarnuwa a kan tire. Na yi yaƙe kawai. Amma mutanen ƙauye ba wasa suka ɗauki abin ba. Kun san dama akwai tsohon zargi a kanmu masu ɗibar jini, wai ba duka muke aunawa ba, wani muna kai wa 'yan shan jini. Ranar Asabar mata biyu suka naɗe hannu cikin mayafi suka ce sai dai Malam Idi ya zo da kansa. Ranar Lahadi wani magidanci ya ɗauke matarsa mai ciki wata takwas, ba a gama yi mata awo ba, ya ce ba zai bar ta inda Kirista ma ta gane da wani abu ba. Mama Taresa kuwa kullum na zo sai ta ɗaga mini gicciye, sai ta yarfa ruwa, ɗakin ya yi tsit ana kallon fuskata. Inna Gambo da za ta iya kashe maganar da tsawa ɗaya, tun Juma'a da sassafe ta koma gida, jikarta ce ta haihu.

A duk kwanakin nan ko sau ɗaya ban tambayi tsohuwar dalili ba. Me zan tambaya, bayan na riga na sani? Na soke ta sau huɗu, ta ɗauke ni dodo, tana kore ni a gaban jama'a kamar yadda ake yi a fim. Raina ya ɓaci matuƙa. Ni da nake fitowa tun ƙarfe bakwai, sau da yawa ko kari ban yi ba, a saka mini da wannan?

Ranar Litinin na rubuta ƙorafi na kai wa Metron, wato babbar nas mai iko da ɗakunan kwanciya, Hajiya Binta. Ban rubuta maganar fim ba, ni ba sakarya ba ce. Na rubuta cewa mara lafiyar gado na uku tana jiƙa wurin allura da ruwan da ba a san asalinsa ba bayan an tsabtace, kuma kayanta suna tada hankalin sauran marasa lafiya. Duka biyun gaskiya ne. Hajiya Binta ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Kin yi mata magana?"

Na ce, "Hajiya, ba ta ji."

Ƙarya na yi, kuma ko gezau ban yi ba.

"To, a karɓa a ajiye mata har ranar sallama."

Tare muka je. Hajiya ta yi mata bayani cikin ladabi. Mama Taresa ta dubi Hajiya, ta dube ni, ta ce, "Duka?" Aka ce duka. Ta sumbaci gicciyen, ta haɗa shi da kwalbar da wani carbi mai baƙaƙen 'ya'ya, ta naɗe su a ɗankwali, ta miƙa da hannu biyu.

"Don Allah a ajiye shi a tsaye, kada ruwan ya zube."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Hajiya ta kai ƙullin ofishinta ta sa a kabad ɗin ƙarfe inda ake ajiye fayil ɗin ma'aikata, ta kulle.

Ni a ganina aiki ya koma daidai. Ina zuwa za ta miƙo hannu, ta juya fuska bango, in ɗiba in tafi. Kunun da maƙwabta ke aiko mata sai ya huce a kofi. Na lura, amma na ce ciwo ne. Awon Talata ya nuna jinin ya ƙara sauka, na Laraba ya fi muni. Likita ya ce abin ya fi ƙarfinmu, ya rubuta takardar tura ta babban asibitin Birnin Kudu, a ƙara mata jini a yi tiyata.

Ana shirin saka ta a mota Inna Gambo ta iso da kwanon abinci a ka. Ta sauke, ta hau haɗa kaya. Ta ɗaga matashi, ta kakkaɓe zanin gado, ta leƙa ƙarƙashi.

"Taresa, ina gicciyen Bulus?"

Wata ce daga can gefe ta nuna ni da baki. Inna Gambo ta tako har gabana. Kanta bai wuce kafaɗata ba, amma sai da na ja baya.

"Ke 'yar nan, 'yar gidan waye?"

Na faɗa mata.

"To, ban san gidanku da haka ba. Abin nan a hannun mijinta yake ya cika. Ina tsaye aka ɓamɓare yatsunsa aka ba ta. Shekara goma sha ɗaya ba ta kwana babu shi ba. Ni da nake salla biyar a gabanta kullum bai tsone mini ido ba, sai ke?"

Na ce, "Inna, dokar asibiti ce."

"Ɗauko."

Na ruga ofishin Metron. Ƙofar a buɗe, kabad a kulle. Ashe tun yammacin Talata aka yi wa Hajiya Binta rasuwar yayanta a Dingaya, ta tafi da makullai a jaka, wayarta kuma ba ta shiga. Direba yana ta hon don hadari ya haɗo. Haka aka tafi da Mama Taresa, tana kallon ƙofar ofishin ta tagar mota.

Ko a nan ban saduda ba. Na ce a raina, jibi Hajiya za ta dawo, sai a ba wani direba ya kai mata. Da azahar nas ɗin da ta raka su ta kira Malam Idi, shi kuma ya miƙo mini wayar. Ku da ba ku yi aikin ɗakin kwanciya ba, ku sani: kafin a yi wa mutum tiyata dole a yi masa bayani, ya sa hannu ko ya danna yatsa a takardar amincewa. In yana cikin hankalinsa bai yarda ba, babu likitan da zai taɓa shi. An sa Mama Taresa a jerin gobe Alhamis da safe, an fara ƙara mata jini, amma ta ƙi dannawa. Ta ce ba gardama take yi ba, ita dai ba za ta shiga inda ba ta san ko za ta fito ba sai ta riƙe kayanta. An kira ɗanta ya yi lallashi har ya yi kuka, ta ƙi. Likitan can ya ce zai jira zuwa ƙarfe biyar. In ba haka ba, a ba wani gurbin, ita sai mako mai zuwa. Ni na ɗebi jininta da safen nan, na ga sakamakon. Na san mako guda ya yi mata nisa.

Na ce a kira mai walda a fasa kabad ɗin. Malam Idi ya ce fayil ɗin mutane na ciki, ba mai fasawa sai da izinin babban likita, shi kuma ya tafi taro. Sai Malam Idi ya cire tabarau ya dube ni.

"Hauwa, wa ya rubuta ƙorafin?"

"Ni ce, Malam."

"To, ke za ki je Dingaya. Zan riƙe miki tire."

Ruwa ya ɗauke, ya bar hanya caɓa-caɓa. Sau biyu ina sauka in taka a ƙasa, ɗan acaɓa na tura babur yana mita, gero dama da hagu ya fi mu tsayi. Na shiga gidan makoki farar rigar aikina ta koma ja, takalmi ɗaya a hannu. Na durƙusa na yi gaisuwa, Allah ya jiƙan rai, Allah ya ba da haƙuri, sannan na matsa kusa da Hajiya Binta na raɗa mata. Idanunta a kumbure suke. Ba ta yi faɗa ba. Ta kwance makullin daga cikin 'yan'uwansa ta sa mini a tafi, ta riƙe hannun nawa ba ta saki ba.

"Ranar nan na tambaye ki ko kin yi mata magana."

Na sunkuyar da kai.

"Je ki. Za mu yi wannan daga baya."

Na koma asibitinmu na buɗe kabad, ƙullin yana nan a tsaye yadda aka ajiye shi. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan yi turus kafin in ɗauka. Ni Musulma, jikar liman, in rungumi gicciye in shiga mota? Malam Idi da ke tsaye bakin ƙofa ya gane. Ya ce, "Ba bauta aka ce ki yi ba. Amanar mara lafiya ce, mayar mata za ki yi." Na sami kwalin safar hannu da ba komai a ciki, na sa ƙullin, na cusa auduga gefe da gefe don kwalbar ta tsaya, na ɗora a cinya tun daga tashar Gwaram. Motar ta tsaya ɗaukar buhuna, ta tsaya sauke akuya, ta tsaya wani fasinja ya yi sallama da dangin duniya. Ni kuwa idona na kan agogo, ji nake kamar in sauka in tura ta.

Biyar ta gota na shiga ɗakin. Nas ɗin can, Allah ya saka mata da alheri, ba ta mayar da takardar ba tukuna, tana nan a kan teburinta. Mama Taresa na kwance, ledar jini na rataye a kanta. Na durƙusa gaban gadon na buɗe kwalin. Ta kwance ɗankwalin, ta fara duba kwalbar, sannan ta kifa gicciyen a ƙirji ta rufe ido. Hawaye ya gangara ta gefen kunnenta. Can ta ce, "A kawo takardar." Ta danna yatsa, ko sake bayani ba ta nema ba.

Na so in sulale. Inna Gambo ta danne mini kafaɗa.

"Zauna ki faɗa mata dalili."

Na faɗa. Tun daga wayata, da Fada mai baƙar riga, da ruwan da ke ƙona fata, har tafarnuwar kan tire. Mama Taresa ta saurara baki buɗe. Ashe ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin irin finafinan nan ba.

"Wato gawa ta tashi ta sha jini?"

"E, Mama."

"A nuna mata wannan ta gudu?"

"E."

"Ni kuma na ɗauke ki ita?"

Ta kama dariya har robar jinin na rawa, nas ta leƙo ta ce a bi a hankali. Inna Gambo na ta faɗin, "Ji shiririta! Ji 'ya'yan zamani!" Sai dariyar ta lafa. Mama Taresa ta dubi sama ta ce:

"Shekara arba'in da wani abu ina cikinku. Na sha ruwanku, na binne miji a ƙasarku. Ashe abin da aka sani game da ni, a waya aka gani."

Ba cikin faɗa ta faɗa ba. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Mama, to me ya sa kike ɗaga mini shi?"

"Sai yanzu?" in ji ta. "Ranar farko na ga hannunki na rawa, 'yata. Na ga matan nan sun sa miki ido, kin kusa kuka. Na ce yarinyar nan tana son aikinta, jijiyata ce marar kirki. Uwata ta koya mini, in za ki roƙa wa mutum, ki juya masa fuskar gicciyen. Ruwan kuma Fada ne ya sa masa albarka, nake ɗan yayyafa wa jijiyar ta yi miki biyayya. Ba ki lura ba? Daga ranar ba ki sake kuskure ba."

Gaskiya ne, ban sake ba. Ni na ɗauka ƙwarewata ce, har yau ma ina ganin da ita a ciki. Na ce, "Mama, ni fa Musulma ce."

"Na sani mana. Gambo kullum sai ta tofa mini nata a ka. Kin ga na gudu?"

Inna Gambo ta ce, "Ki gudu ina, da ƙafafun nan naki?"

Na ce, "Da ma kafin in goge kike yayyafawa, da babu matsala ko ɗaya."

Ta ce, "Da kin faɗa mini."

Na kwana gidan gwaggota, da sassafe na dawo. Ba a shiga ɗakin tiyata da komai, ko ɗan kunne cirewa ake yi. Ta riƙe gicciyen a kan gadon turawa har bakin ƙofar da ba a barin 'yan rakiya su wuce. Na zata Inna Gambo za ta ba. Sai ta miƙo mini.

"Ke kika kawo, ke za ki riƙe. In na fito ki ba ni. In ban fito ba, ki ba ɗana, ki ce masa ba da tsoro na shiga ba."

Awa uku da wani abu muka yi a kan benci. Ƙullin na cinyata cikin ɗankwalinsa, Inna Gambo na jan carbinta, ni kuma duk addu'ar da na iya sai da na yi, na koma na sake. Can sai Inna Gambo ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Jiya a mota na ce mata, in Allah ya tashe ki, sai mun kai yarinyar nan ƙara har gaban hakimi. Kin san me ta ce?"

Na girgiza kai.

"Ta ce in rabu da ke. Wai safiya biyun nan da babu kayan, in kin zo ta juya bango, ba fushi take yi ba. Ta ga dai addu'arta aka kawo ƙara a kai, ta ce to kada ta motsa baki a gani, a sake jawo miki magana. A zuci take yi miki, tana ƙirgawa da yatsun ɗaya hannun a ƙarƙashin zani."

A nan na yi kukan da ban taɓa yi a bakin aiki ba, a gaban jama'a, da majina da komai. Inna Gambo ta bari na yi mai isata, sannan ta miƙo mini gefen mayafinta.

"Share. Kada ki jiƙa mata kaya."

Mama Taresa ta fito da rai. Da maganin barci ya fara sakinta, kafin ta nemi ruwa, hannu ta buɗe. Na sa mata.

Da Hajiya Binta ta dawo ta kira ni ofis ta ba ni takardar gargaɗi. Ba a kan ƙorafin ba, don shi bisa ƙa'ida yake, a kan ƙaryar da na yi mata ne. Na karɓa da hannu biyu. Maganar shan jini kuwa Inna Gambo ce ta kashe ta a yini ɗaya, daga ɗakin mata har wajen masu shayi. Matar nan mai ciki da mijinta ya ɗauke ban sake jin labarinta ba, kuma har yau takan faɗo mini a rai.

Mama Taresa ta ƙara shekara huɗu tana sayar da sabulunta. Duk lokacin da aka rubuta mata awo, ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai ni. Ta yayyafa, in jira, in goge, in soka. Ranar da ta rasu Inna Gambo ce ta tako da sandarta har ƙofar lab. Ta ce, "Mai roƙa miki ta tafi, 'yar nan. Sai ki riƙe hannunki da kanki."

Abin da nake so ku tafi da shi ke nan. A makaranta an koya mana neman jijiya, amma ba a gaya mana cewa hannun da muke riƙewa na mutum ne mai jin tsoro ba. Kuma kowa da abin da yake kamawa in tsoro ya zo masa: wani carbi, wani laya, wata bakin zanin uwarta. Za ku ga abin da ba ku gane ba a ƙarƙashin matashi, nan take zuciyarku ta ba ku fassara daga abin da kuka kalla ko kuka ji a bakin get. Kada ku yarda da ita, ko da ƙa'ida tana bayanku. Ku ajiye tire, ku sunkuya, ku ce, "Mama, mene ne wannan?" Ba ya cin minti ɗaya. Ni minti ɗayan nan na hana, saura kaɗan ya ci ran matar da take yi mini addu'a.